Tukwane Uku a Ƙofar Asibiti

Ni dai ban taɓa cewa ina da sanyin baki ba. Shekara goma sha tara ina karɓar haihuwa a ɗan asibitinmu na can bayan Durba, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa kirana Ramlatu mai haƙuri. Anti Ramlatu suke cewa, in na ba da baya kuma su ce Rediyo. Ina ji, ba kurma ba ce ni. Idan mace ta zo mini da ciki wata takwas ba ta taɓa leƙo awo ba, zan wanke ta tas, sannan in auna ta, in ba ta magani, in raka ta har bakin ƙofa ina ƙarasa faɗan. Amma rabin samarin da suke cika mana kunne da babur a ƙauyen nan a hannuna suka yi kukan farko.

Ina kuma da raha, ko in ce haka na ɗauka. Ranar Talata, ranar awo, in ina cika rajista akwai gurbin sunan miji. Matanmu kuwa, balle na rugage, ba sa kama sunan miji, sai dai su ce "shi" ko "maigidan". Sai in ajiye biro in ɗaga murya:

"Shi wa? Ciki ya kai wata bakwai, sai yanzu za ki ji kunyar sunansa?"

Benci gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa can ƙasa-ƙasa, in ce ban ji ba, ta sake. Duk Talata sai na yi, duk Talata kuma sai an yi dariya.

Maganar jin ra'ayin marasa lafiya ba yau aka fara ta ba. Da farko akwatin katako aka kawo mana mai kwaɗo, aka ce duk mai ƙorafi ya rubuta ya saka. Ya shekara uku a bango. Ranar da aka zo buɗewa rina ce ta amsa, ta kuma bayyana ra'ayinta a goshin Malam Isiyaku, shugaban asibitin, wanda muke kira Incaji. Daga nan aka koma kiran waya. Wayar gida kuwa a aljihun maigida take, shi kuma bai taɓa taka ɗakin awo ba, don haka duk wanda aka kira sai ya ce asibiti lafiya ƙalau, a gaida likita, a kuma taimaka da taki bana.

Sai bara, bayan an gama roron wake, wata ƙungiya ta zo da dabarar da aka ce ta yi aiki a ƙasashe bakwai. Tunda yawancin matan ba su yi boko ba, babu ruwan kowa da rubutu. Tukwane uku za a jera a ƙofa, kowacce da fuskar mutum a jikinta: mai dariya, mai shiru, mai kuka. Duk wanda aka gama dubawa, maigadi zai ba shi ƙwayar wake ɗaya. In ya ji daɗin aikinmu ya jefa wa mai dariya, in ba yabo ba fallasa mai shiru, in an ɓata masa rai mai kuka. Ƙarshen wata a ƙirga. Asibitin da mai kuka ya yi rinjaye wata uku a jere, za a ɗaga ma'aikacin da abin ya fi shafa a kai shi wani wuri. Takwas cikin goma na masu zuwa wurinmu mata ne da jarirai, saboda haka ba sai an faɗi sunan ma'aikacin ba.

Wani mai fentin manyan motoci a Rano aka ba aikin zanen, shi kuma ya ɗauki abin da zafi fiye da yadda aka nema. Mai dariya ya fito da kumatu kamar dillalin shanu ranar kasuwa, har da haƙorin Makka. Mai shiru yana nan dai, kamar mai jiran mota. Mai kuka kuwa, a nan mutumin ya zuba basirarsa: wuya siriri, idanu sun faɗa, hawaye layi biyu har haɓa. Ni kaina da na fara ganinsa sai da na ce Allah sarki.

Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfa, an yi bayani dalla-dalla da lasifika. Ga dagaci, ga limamai, ga 'yan kwamiti, maza sun kai saba'in, kowa ya gane ya tafa. Matan suna bayan asibiti suna tuƙa wa baƙi tuwo. Sannan aka kafa doka: don kada a yi wa ra'ayin jama'a katsalandan, ma'aikaci ba ya kusantar tukwane, ba ya kallon mai jefawa, ba ya yi wa kowa magana a kansu. Baba Haliru maigadi, wani tsoho ramamme da ya fi asibitin daɗewa a wurin, shi kaɗai zai miƙa wake ya ce, "A saka a ɗaya." Ko kalma kada ya ƙara.

Ƙarshen wata na farko muka shimfiɗa tabarma a ofis, Incaji ya juye tukwanen. Mun duba mutum ɗari uku da goma. Mai kuka ya samu wake ɗari huɗu da biyu. Mai shiru bai samu ko ɗaya ba. A tukunyar mai dariya kuwa ƙwaya goma sha ɗaya ce ta faɗo, kuma duk tsakuwa ce.

Incaji ya tsince su ɗaya bayan ɗaya yana hurewa.

"Kin gani ko, Malama Ramlatu? Waɗannan su ne masoya na gaskiya. Waken ne ya suɓuce musu, maimakon su tafi haka sai suka tsinci tsakuwa suka saka. Ko tsakuwa ce, ƙuri'a ce."

Ya rubuta goma sha ɗaya a gurbin waɗanda suka gamsu, ya zuba su a wani tsohon gwangwanin madara ya rufe. Waken kuma ya ce Baba Haliru ya kwashe, kada ya tara mana ƙwari a ofis.

Ranar ban iya cin abinci ba. Zan faɗi gaskiya, abin ya yi mini ciwo. Matan da na goge wa zufa, na riƙe wa hannu suna cizona, na yi wa 'ya'yansu wankan farko, ashe haka suke ɗauke da ni a ciki. Da safe su gaishe ni har ƙasa, su fita su jefa wa mai kuka. Ga kuma Innata a gida. Idonta ya tafi shekara shida ke nan, gidanmu da ƙafa ta haddace shi, ta san taku nawa ne daga ɗakinta zuwa randa. In aka ɗaga ni, ba ta ɗaguwa, ni kuma ba na iya barinta.

Sai na yanke shawarar in gyara hali. Washegari Jummai ta shigo, mai haihuwa bakwai duk a hannuna, ta makara da rigakafin yaro wata biyu cur. Da a da ne, sai an jiyo ni daga bakin titi. Na haɗiye, na yi murmushi.

"Sannu da zuwa, Malama Jummai. A zauna a huta. Ba komai, ai jiya ba ta fi yau ba."

Jummai ta tsaya da goyo a hannu tana kallona.

"Anti Ramlatu, rasuwa aka yi?"

"Ba a yi ba."

"To jikin ne?"

"Lafiyata ƙalau."

Ta fita tana waiwaye. Kafin azahar Salamatu mai ƙuli ta aiko mini da rubutu a kwalba, wai in sha in shafa. Wata ta kawo nono. Ni kuma na ci gaba da sannu-sannu da a-yi-haƙuri har muƙamuƙina ya riƙa ciwo. Abu ɗaya kawai na bari cikin halina na da, wato wasan sunan miji ranar Talata. Na ce wannan dai ai yana sa su nishaɗi, in na cire shi me ya rage?

Wata na biyu mun duba mutum ɗari biyu da tamanin da bakwai. Mai kuka ya samu wake dubu ɗaya da ɗari da sittin, da ɗan gero, da dabino biyu. Tsakuwar mai dariya goma sha huɗu. Incaji ya kai rahoto ƙaramar hukuma, ya kuma yi ƙarfin halin tambaya yadda ƙorafi zai fi masu ƙorafin yawa. Jami'in da ya karɓa ya danna ƙididdiga a waya, ya ce lissafi ya fita daidai: kowace mace ta fusata sau huɗu.

Wata na uku ba mu ma ƙirga ba, tiya muka aro. Tiya biyu da rabi. Tsakuwa goma sha biyu. Bayan mako guda takarda ta iso, da sunana a kai, an tura ni wani ƙauye can iyakar jiha inda mota ke shiga ranar kasuwa kawai. An ba ni zuwa ƙarshen wata in tattara. Ban gaya wa Inna ba. Na ninke takardar na sa a aljihun tebur, na ci gaba da murmushin da ba ya kai ko'ina.

Saura kwana tara sai ga wata mata ta sauka daga acaɓa da jaka a kafaɗa. Ta ce sunanta Afra'u, daga Kano ƙungiyar ta turo ta. Na ce mata ai an riga an yanke hukunci, ta makara.

"Ni ba ke na zo aunawa ba, Anti," in ji ta. "Tukwanen na zo aunawa. An ce in duba ko suna faɗar gaskiya."

Ta zauna da takardun Incaji ta duba, sannan ta ɗaga kai.

"Malam, mutum ɗari uku, wake ɗari uku ake bayarwa. Sauran daga ina suke fitowa?"

"Daga gida suke zuwa da shi. Fushi ne."

"Mace ta ɗebi abincin 'ya'yanta, ta ƙulle a zane, ta tako tun daga ruga, don ta nuna fushi?"

Incaji ya ce ai fushin mata ba a gane kansa. Afra'u ta cire takalmin birni ta sa silifa, ta zura dogon hijabi, ta je ta zauna a ƙarshen benci kusa da ƙofa kamar mai jiran layi. Yini biyu tana nan, har Salamatu ta fara ba ta shawarar maganin rashin haihuwa. Rana ta uku ta leƙo ɗakina.

"Anti, zo mu karya doka. Tsaya bayan tagar ɗakin allura, kada ki yi tari."

Na tsaya. Salamatu ce ta fara fitowa. Baba Haliru ya miƙa mata wake ya ce a saka a ɗaya. Ta wuce mai dariya ko kallo, ta wuce mai shiru, ta durƙusa gaban mai kuka.

"Ungo, bawan Allah. Allah ya yaye maka."

Ta bayanta ta kwance bakin zane, ta juye tafi guda na wake.

"Har yanzu bai daina ba?"

"Ina fa! Wata uku ke nan yana abu ɗaya."

"Wancan ƙaton kuwa ko a jikinsa. Ji kumatu."

"Ai shi ya ƙoshi. Wa zai ba shi?"

Ban san lokacin da na fito ba, sai ganina na yi a gaban Baba Haliru. Sai a ranar na lura tsohon ya yi kumari, wuyansa ya cike, har wani sheƙi yake.

"Baba Haliru! Wata uku kana jin wannan, ka yi shiru?"

"An ce kada in ƙara ko kalma, Malama. Ni mutum ne mai bin doka."

"Waken fa?"

Ya dubi ƙasa. "Incaji ne yake cewa in kwashe. Da safe alala, da rana a dafa da ɗan manja. Ni ma ai bawan Allah ne."

Washegari Afra'u ta tara matan a ƙarƙashin darbejiyar asibiti, sun fi sittin. Ta ce wa maza su je su sha iska, sai Incaji kawai ta bari, shi ma daga nesa. Ta jera tukwanen ta yi bayani tun daga farko: wannan na jin daɗi, wannan na ɓacin rai, kuma saboda waken da suka zuba wa mai kuka, nan da kwana biyar za a ɗauke Anti Ramlatu.

Wurin ya kaure da salati. Jummai ta ɗora hannu a ka.

"Mun shiga uku! Mu da muka ɗauka sadaka ce! Aka ce a saka a ɗaya, to wa za ka ba in ba mai kuka ba? Da muka ga kuma Anti ta rame ta daina faɗa, muka ce lalle asibitin ya shiga wani hali, sai muka ƙara hannu."

Dariya ta kama ni har hawaye. Wani nauyi da na yi wata uku ina ɗauke da shi ya sauka lokaci ɗaya, muryata kuma ta dawo da kanta.

"Ku dai an yi sakarkaru! Tukunya ce fa! Tukunya kuke ciyarwa wata uku? Ke Jummai, da hankalinki da 'ya'ya bakwai, fenti kike yi wa addu'a?"

"Alhamdu lillahi!" in ji Salamatu. "Ta warke!"

Aka yi ta guɗa. Da a nan aka tashi, da na koma gida ina ganin babu kamata a duk ƙasar Kibiya. Amma Incaji ya ga ana rabon farin ciki babu shi, sai ya ruga ofis ya ɗauko gwangwanin madararsa. Ya zo tsakiya ya juye a kan tabarma.

"Malama Afra'u, a rubuta wannan ma. Duk da ruɗanin da aka samu, mutum talatin da bakwai sun gane tsarin tun farko, sun jefa wa mai dariya. Har da waɗanda wakensu ya faɗi suka nemi tsakuwa. A yaba musu."

Guɗar ta tsaya cak. Matan suka shiga gyara goyo da kallon ƙasa. Afra'u ta lura, ta ajiye biro.

"Wa ya saka waɗannan?"

Can sai wata tsohuwa ta dogara sanda ta miƙe. Goggo Dije ce, daga rugar da ke bayan dutse, tana zuwa duk mako a auna mata hawan jini. Ba ta da yawan magana, in ta yi kuma ba ta maimaitawa.

"Goma sha biyu nawa ne," in ji ta. "Kuma wakena bai faɗi ba. Shi na ba mai kuka kamar kowa. Tsakuwar daga gida nake zuwa da ita, ina zaɓar mai kaifi."

"Me ya sa, Goggo?"

"Wake abinci ne, 'yar nan. Ba a yi wa mutum faɗa da abinci. Amma wanda kana cikin wuya yana yi maka dariya, shi jifa ya kamace shi."

Afra'u ta dubi taron. "Akwai wadda ta saka don wannan dalilin?"

Hannu ɗaya ya ɗagu, sai na biyu, sai na bakwai. Har da Jummai, tana ɗagawa tana kau da kai.

"To wa yake yi muku dariya a asibitin nan?"

Goggo Dije ba ta nuna da yatsa ba. Juyowa kawai ta yi ta dube ni.

Ta ce shekara biyu da suka wuce jikarta Fanta ta zo awon cikin fari. Na sa ta faɗi sunan mijinta sau uku, ga uwar mijin zaune a bencin baya. Yarinyar ta koma gida ta yini ba ta fito daga ɗaki ba, ta rantse ba ta sake taka asibitin. Ta haihu a ruga, jini ya ɓalle, aka ɗaure ta a bayan babur har Rano. Allah ya yi da sauran kwana, ita da ɗan duka. Yanzu ga wani cikin wata shida, ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga, an yi an yi ta zo ta ƙi.

Na nemi inda zan tsaya. "Haba Goggo, wasa ne fa. Ai kowa dariya yake yi."

Jummai ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa. "In ba mu yi dariya ba, Anti, kanmu za ki dawo."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina amarya. Na so a ce akwai mayafin da zan ja in rufe fuska, sai na tuna yadda nake yi wa masu jan mayafi.

Afra'u ta yi ajiyar zuciya. Ta ce yanzu aikinta ya rikice: rahoton wata uku a kife yake, duk abin da aka rubuta ɓacin rai tausayi ne, duk abin da aka rubuta jin daɗi jifa ne. Kuma ba za ta ɓoye ba, ƙorafin gaskiya talatin da bakwai ne, duk a kan mutum ɗaya.

"Ku za ku faɗa mini abin da zan rubuta. A ɗauke ta, ko a bar ta?"

Na tuna Inna da takunta zuwa randa.

"Mu ba mu ce a ɗauke ta ba," in ji Goggo Dije. "Hannunta babu irinsa daga nan har Kibiya. Bakin ne. In da gwamnati za ta iya ɗauke bakin ta kai iyakar jiha ta bar mana hannun, da mun gode."

Aka yi dariya, wannan karon ta gaske, kuma a kaina. Ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

Afra'u ta yi waya mai tsawo a bayan asibiti. Da ta dawo ta ce an jingine takardar wata ɗaya, ba a soke ba. Tukwane uku sun tafi. Tukunya ɗaya za a ajiye, babu fuska, gefenta faifai biyu, ɗaya wake ɗaya tsakuwa, yadda matan suka riga suka tsara wa kansu. Salamatu da Goggo Dije ne za su riƙa yi wa sababbi bayani, su kuma zo ƙarshen wata su faɗi dalilin kowace tsakuwa ba tare da kama suna ba. Abin da tukunyar ta ce a wannan watan, shi za a bi. Baba Haliru ya tambaya ko mai kukan za a iya bar masa ya kai gida, tunda sun saba.

Talata ta farko Fanta ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Ranar ta uku ina cikin cika rajista sai na ji bencin ya yi tsit. Na ɗaga kai. Goggo Dije ce a bakin ƙofa, bayanta wata doguwar yarinya ta ja mayafi har hanci, ƙafafunta kamar an hura. Ta zauna a gabana ba ta dube ni ba.

Na tambayi shekarunta, ta faɗa. Haihuwa ta nawa, ta faɗa. Biro ya iso gurbin sunan miji. Na ji duk matan da ke bayanta sun riƙe numfashi, ita kuma yatsunta sun damƙe bakin mayafi.

Salahuddeen ne sunansa. Na san shi, na san ubansa, ni na ɗinke masa ƙafa ranar da bijimi ya taka shi. Babu mijin da ban san sunansa ba a ƙauyen nan da rugagensa. Shekara goma sha tara ban taɓa buƙatar a faɗa mini ba, don dariyar kawai nake tambaya.

Na rubuta da kaina, na wuce layi na gaba.

"Miƙo hannu in auna jininki. Kuma wallahi in kika sake zama a gida da ƙafa irin wannan, har rugar zan biyo ki da bakina."

Ta ɗan saki mayafin. Jinin ya hau sosai. Na ba ta magani, na rubuta mata takardar zuwa babban asibiti a yi gwaji, na sa Goggo ta maimaita mini sau biyu ranar da za su dawo.

Doka ta hana ni kallon tukunya, amma ba ta hana ni ji ba. Wake in ya faɗa tukunyar ƙasa, ɗan tis yake yi. Tsakuwa kuwa ƙwal take yi, har ofishin Incaji ana ji. Da Fanta da Goggo suka fita, na riƙe biro a sama ina sauraro, kamar yadda nake sauraron bugun zuciyar ɗan tayi.

Tis.

Na sauke numfashi. Ban gama saukewa ba sai na ji ƙwal!

Na manta da doka na leƙa ta taga. Goggo Dije ce take karkaɗe hannu.

"Goggo! Yau kuma me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ta ajiya ce, kada bakin ya manta."

Ƙarshen wata aka juye tukunya. Tsakuwa biyar: huɗu na ƙofar banɗaki da ba ta rufuwa, wadda Incaji ya gyara a ranar da hannunsa, ɗaya kuma ta Goggo. Aka soke takardar. Sai a lokacin na ba Inna labari, ta ce ita dama ta daɗe tana neman inda za ta jefa tata.

Tsakuwar Goggo na roƙa aka ba ni. Tana nan a kan teburina, mai kaifi ce kuwa. Duk Talata in na buɗe rajista, a kan gurbin sunan miji nake ɗora ta. In an tambaye ni sai in ce don kada iska ta juya shafi.